Idan kwanan watan fayilolinku ya rikice a Linux

'Yan'uwa, kafin ku ɗora wa kwamfuta laifi, ku fara buga umarnin stat, mai nuna bayanan fayil, da sunan fayil ɗin. Lokuta uku ne abin lura: atime na karantawa, mtime na sauya abin da ke ciki, ctime kuma na taɓa izini ko suna.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne atime. Ka buɗe fayil sau goma, ka duba, yana nan bai motsa ba. Lafiyarsa ƙalau. Tun 2009 Linux ke amfani da relatime, wato ba ya sabunta atime sai an sauya fayil ɗin ko an yi awa 24. In kana bukatarsa daidai, ka sa strictatime a /etc/fstab, fayil ɗin saitin diski, amma ni ban ga amfanin wahalar da diski haka ba.

Ni abin da ya ci min tuwo a ƙwarya filasha ce mai tsarin ajiye fayiloli na FAT32. Kullum rsync, umarnin da ke kwafe fayilolin da suka sauya kawai, sai ya sake kwafe komai, ashe FAT32 daƙiƙa bibbiyu yake ƙirga mtime. Da na ƙara wa rsync --modify-window=1, don ya kau da kai daga bambancin daƙiƙa ɗaya, sai magana ta ƙare.

Wajen kwafi kuma a riƙa sa umarnin cp -p, mai riƙe kwanan watan asali, in ba haka ba duk fayilolin za su ɗauki kwanan watan yau.