Yadda ake karanta sakamakon gwajin CRP da ESR

Idan likita yana zargin akwai kumburi a cikin jiki, irin wanda ido baya gani, yawanci gwajin jini na CRP da ESR zai rubuta maka. To ga yadda zaka bi takardar in ka karɓo daga lab.

Fara da CRP. Wani sinadari ne a cikin jini, hanta ce ke fitar da shi in akwai kumburi, cikin awa 6 zuwa 8 da soma matsala yake fara hawa, da an samu sauƙi kuma sai ya sauka da wuri. Amma kafin ka kalli lambar duba ma'aunin da ke gefenta tukuna, don wani lab mg/L yake rubutawa wani kuma mg/dL, kuma 1 mg/dL daidai yake da 10 mg/L, nan mutane ke rikicewa. A yawancin lab ƙasa da 5 mg/L lafiya lau ne, wasu suna kaiwa 10. In ya haura 100 mg/L kam don Allah kar ka kwana da takardar a aljihu, koma asibiti a ranar, sau da yawa bakteriya ce ta kama jiki sosai, maleriya mai tsanani ma tana kai shi can.

Sai ESR, shi saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini ake aunawa cikin awa ɗaya. Baya saurin sauka, sai mutum ya warke shi yana nan sama har makonni. Ga lissafin da likitoci ke yi a kai don sanin iyakar lambar da ba matsala: namiji ya raba shekarunsa biyu, mace ta ƙara 10 sannan ta raba biyu, wato mace mai shekara 50 har 30 ba abin tashin hankali bane. Juna biyu da ƙarancin jini suna ɗaga shi ko babu ciwo. Masu sikila kuma akasin haka, nasu kan fito ƙasa ko da suna cikin ciwo, shi yasa ba a dogara da shi a wurinsu.

Abinda ya fi damuna shine masu ganin lamba ta hau su zarce kemis sayen antibayotik. Gwajin nan baya faɗin sunan cuta, tarin tibi, ciwon gaɓɓai, rauni, tiyata, har ƙiba duk suna ɗaga CRP. Kai wa likita takardar ka faɗa mishi magungunan da kake sha, in ya ce a maimaita gwajin yi ƙoƙari ka koma lab ɗin farko, kuma ka riƙe tsohuwar takardar don a kwatanta.