Yadda asibiti a Amurka zai nemi bashin da gwamnati ta tsaya wa

Abin da ya kamata shugabannin asibiti su fara fahimta shi ne, a yawancin tsare-tsaren tsaya wa bashin asibiti gwamnati ba ta fitar da kuɗi daga baitulmali. Banki ne yake ba da bashin, ita kuma ta tsaya masa cewa idan asibitin ya gaza biya za ta ɗauki asarar, wanda hakan ne yake sa kuɗin ruwa ya sauko, wa'adin biya kuma ya yi tsawo.

Mataki na farko shi ne a tantance ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, tana da shirin Sashe na 242 tun 1968, wanda yake tsaya wa bashin gina asibiti ko sabunta shi har kashi 90 cikin ɗari na ƙimar aikin, a biya cikin shekara 25. Sai dai akwai sharaɗin da yake kawo cikas ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa: idan kwanakin jinyar masu taɓin hankali, da masu fama da shaye-shaye, da masu doguwar jinya suka haura rabin kwanakin jinyar asibitin baki ɗaya, to bai cancanta ba. Babban asibitin da yake son ƙara sashen masu taɓin hankali zai iya shiga, amma wanda aikinsa ke nan kacokan, ƙofar a rufe take gare shi. A ganina wannan rashin adalci ne ga marasa lafiyar da suka fi kowa ƙarancin gadon kwanciya, amma wajibi ne a lissafa kwanakin nan kafin a kashe ko sisi wajen shirya takardu.

Cibiyar da take karkara, mallakar hukuma ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ta duba shirin gine-ginen al'umma na ma'aikatar noma, USDA. A garin da mutanensa ba su wuce 20,000 ba ma'aikatar da kanta take ba da bashin, kuma wa'adinsa yana iya kaiwa shekara 40.

Idan ƙofar HUD aka zaɓa, daga nan sai a nemi bankin da ma'aikatar ta amince da shi, a haɗa rahoton asusu na shekara uku da masu bincike suka tabbatar. HUD tana son ganin cewa asibitin bai yi asara ba a tsawon lokacin, kuma abin da yake samu ya zarce kuɗin biyan bashi da aƙalla rubu'i.

Wurin da ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne hasashen kuɗin shiga. Tun 1965 dokar Medicaid, wato shirin gwamnati na biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin jinya, ta hana a biya da kuɗin tarayya jinyar manya a cibiyoyin masu taɓin hankali, kuma a yau hanin ya shafi masu shekara 21 zuwa 64 a cibiyar da gadajenta suka wuce 16. Wasu jihohin sun samu sassauci daga gwamnatin tarayya, don haka a binciki matsayin jihar da za a yi ginin tun kafin a tsayar da yawan gadaje a zanensa.