Gyaran hasken allon laftof a Ubuntu

Ɗalibai a nan Sakkwato sun yi ta tambayata: an saka Ubuntu (wani nau'in Linux) a laftof, maɓallin rage haske ya daina aiki, ga wuta ba ta zama, batir na zuba kamar ruwa. Ga yadda nake yi.

1. Danna Ctrl+Alt+T, Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, zai buɗe.
2. Rubuta ls /sys/class/backlight ka ga sunan da ya fito, misali intel_backlight.
3. Shiga ciki (in wani suna daban ya fito maka, sa shi a madadin intel_backlight): cd /sys/class/backlight/intel_backlight
4. Duba iyakar hasken: cat max_brightness
5. Gwada rabin lambar. In 1000 ce: echo 500 | sudo tee brightness

Hattara, kada ka sa 0. A wasu injinan allon zai yi baƙi ƙirin, ka rasa inda kake rubutu.

In hasken bai motsa ba, ci gaba.

6. Don buɗe fayil ɗin saitin GRUB, manhajar da ke tada Ubuntu, rubuta sudo nano /etc/default/grub
7. A layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, ƙara acpi_backlight=native bayan quiet splash.

A nan ake yawan kuskure. Dole ya zauna cikin alamar zance, kuma ka bar tazara ɗaya.

8. Adana da Ctrl+O ka danna Enter, fita da Ctrl+X.
9. Rubuta sudo update-grub
10. Kashe laftof ɗin ka sake kunnawa.