Yadda ake tsara bin shafuka a manhajar waya da Flutter

Flutter kayan aiki ne da ake gina manhajojin waya da shi. Misalinmu shi ne manhajar wani mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Katsina, wadda ke da shafuka uku: na shiga, na jerin kaya, da na biyan kuɗi.

Da farko ka zana shafukan a takarda, ka ja kibiya daga kowanne zuwa wanda ke biye da shi. Daga nan ka buɗe fayil ɗin main.dart, wato babban fayil ɗin manhajar, ka cika routes (jerin hanyoyin zuwa shafuka) da sunan kowane shafi a cikin MaterialApp, ginshiƙin da ke riƙe da dukan manhajar, sannan ka rubuta sunan shafin shiga a initialRoute domin manhajar ta fara daga can.

Mataki na uku, wato rubuta umarnin wucewa daga wani shafi zuwa wani, shi ne inda aka fi yin kuskure. Flutter tana jera shafuka ne kamar faranti, sabo a kan tsoho, kuma maɓallin komawa baya na saman kawai yake cirewa. Saboda haka, idan ka yi amfani da pushNamed, umarnin da ke ɗora sabon shafi a kan tsoho, bayan mai saye ya sa kalmar sirrinsa, da zarar ya danna baya zai sake tsintar kansa a shafin shiga, abin da ke ba mutane haushi matuƙa. A nan pushReplacementNamed ne ya dace, domin yana cire shafin shiga ya ɗora jerin kaya a gurbinsa. Bayan biyan kuɗi kuwa, ka sa pushNamedAndRemoveUntil ya share shafukan da suka taru, kada mutum ya koma ya biya sau biyu.

Daga ƙarshe ka ɗora manhajar a wayar Android, ka bi kowace kibiya, kana danna baya a kowane shafi.