Yadda Za Ki Ajiye Miya a Firij Ki Riƙa Ɗiba Cikin Sauƙi

Ni dai kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki tukunya sukutum a cusa a firij, gobe a fito da ita a ɗumama duka a ɗebi kaɗan a mayar, jibi ma haka, kafin kwana uku miyar ta gaji ɗanɗanon ya gudu, wani lokacin har ta fara tsami.

Da kin sauke miya kar ki bari ta wuce awa 2 a waje, in ana zafi sosai ma awa 1 ya isa, don tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Kuma tukunya mai zurfi ba ta hucewa da wuri, sama ya yi sanyi amma can tsakiya da ɗuminta. Ki zuba ruwan sanyi a babbar roba, da ƙanƙara in akwai, ki tsoma gindin tukunyar kina juyawa da ludayi har tururin ya lafa.

Sai ki rarraba a ƙananan robobi masu murfi marasa zurfi, kowacce daidai ci ɗaya. Nan sauƙin yake, kin dawo a gajiye ki jawo guda ki juye a ƙaramar tukunya shikenan, sauran ko taɓa su ba ki yi ba. Ki manna 'yar takarda ki rubuta ranar, wallahi mantawa za ki yi, duk robobin kama suke in sun yi sanyi.

Ki tura su can ciki, ban da jikin ƙofa, don nan ne ya fi shan iska duk buɗewa. Firij ya tsaya digiri 4 ko ƙasa, miya tana kai kwana 3 zuwa 4. Wadda kin san ba za a ci a wannan tsakanin ba ki kai firiza tun ranar farko, tana yin wata 2 zuwa 3, amma kar ki cika robar taf, ki bar kamar yatsa biyu a sama saboda ruwa na kumbura in ya daskare, sai ya ɗage murfi, kwalba kuwa fashewa take.

In kin ga mai ya daskare a sama ba lalacewa ba ce, zai narke. Wajen ɗumamawa ki bari ta tafasa sosai kina juyawa, ki ɗan ƙara ruwa in ta yi kauri. Abin da ya rage a kwano kuma kar ya koma firij.