Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fentin Sojojin Roba Masu Araha

Wanda ya sayo ledar sojojin roba a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, ko a hannun masu baza kayan wasan yara lokacin sallah, da niyyar ya mayar da su rundunar da za a jera a tebur a gwabza da rula da ƙwayar ludo, abin da ya fara nema shi ne burushi da fenti. Daga nan ɓarnar take somawa. A sha zaman fenti, a yi wasa sau ɗaya, sai ka ga bakin bindiga ya koma kore shar, ɓawon fenti ya zube a gindin kwali. Mai su sai ya ɗora wa fentin laifi, ko ya ce hannunsa ne bai faɗa ba. Alhali yawanci matsalar a jikin robar take, da abin da ba a yi mata ba kafin a ɗauki burushi.

Akasarin waɗannan sojoji da foliyetilin ake zuba su, dangin robar da ake yin leda da jarka. Tana da santsi, tana lanƙwasuwa, kuma ba kowane fenti ko gam ke kama ta ba. Ba na kasuwa kaɗai ba: kamfanoni irin su Airfix da Revell da Italeri ma, ƙananan sojojinsu na ma'aunin 1/72, masu tsawon kusan santimita 2 da rabi, da roba mai laushi suka daɗe suna yin su. Kafin komai ka san wace iri ce a hannunka. Cika kofi da ruwa, danna soja ɗaya ƙasa ka sake shi. In ya taso sama, foliyetilin ce ko 'yar'uwarta. In ya nutse kuma yana da laushi a hannu, to mai yiwuwa PVC ce, irin robar da ake lulluɓe wayar lantarki da ita, ita kuwa ba ta shiri da fentin mai ko kaɗan: za ka yi wata guda kana taɓa shi yana danƙo, duk ƙurar ɗaki na mannewa. In ya nutse, yana da tauri, yana ƙara in ya faɗi a siminti, ka yi sa'a, wannan ba ya ba da wahala.

Babban kuskure, wanda kusan kowa ke faɗawa, shi ne rashin wanka. A masana'anta ana fesa wa mazubi wani maiƙo don robar ta fita ba tare da ta manne ba, kuma maiƙon na biyo sojan har leda. Ƙara da hannuwan da suka jagwalgwala shi a kasuwa. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke na ruwa, tsohon buroshin haƙori: a goge kowane soja, har hammata da tsakanin ƙafafu, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa ya kwana. Kada ka yi da sabulun wanka mai sa laushin fata, shi ma maiƙo yake bari. Bayan an wanke kuma, a daina kama shi ta jiki. A ɗiga ɗan gam a kan murfin gorar ruwa a ɗora shi, murfin ya zama mariƙi har a gama.

Sai layin nan da ke zagaye soja daga hula zuwa takalmi, inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Wasu ba sa ganinsa sai fenti ya hau, a lokacin kuwa ya fito raɗau a tsakiyar fuska. Wasu kuma sun gan shi, sai su ɗauko samfefa ko magagari. Roba mai laushi ba ta goguwa, gashi-gashi take yi, kuma gyaran wannan ya fi na layin wuya. Sabuwar reza ce maganinsa, a kwantar da ita a yanke layin a hankali, ana tura ta gaba ba wajen yatsa ba. Da ta fara jan robar maimakon yanka, a canza ta.

Bindigar da ta karkace ko sojan da ya ƙi tsayuwa, ba a miƙe su da ƙarfin hannu, komawa suke yi. A tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a miƙe, a jefa cikin ruwan sanyi ana riƙe da shi a yadda ake so. A yi wannan kafin fenti. Ashana da kyandir kuma a bar su inda suke.

Yanzu ga inda aikin yake. Fenti kai tsaye a kan robar, ko da an wanke ta, ba ya daɗewa a bakin bindiga da banati da duk wani siririn wuri, domin robar na lanƙwasuwa, busasshen fenti kuwa tsagewa yake yi. Dabarar da masu wannan sha'awa suka daɗe da ita ita ce farin gam na kafinta, irin su Top Bond da ake samu a kowane shagon kayan gini. A tsinka shi da ruwa kaɗan, a shafe sojan gaba ɗaya, har ƙarƙashin hannu, kada a bar ko tabo. Gam ɗin ba manne wa robar yake yi sosai ba, lulluɓe ta yake yi kamar safa a ƙafa, shi ya sa in aka bar ɓaraka, daga nan zai fara saɓulewa. Da ɗanye fari ne, har ka tsorata ka ce ya cinye fuskar sojan, amma in ya bushe sai ya tsuke ya zama garai. Inda ya taru a kwarmin ido ko tsakanin hannu da ƙirji, a tsotse shi da busasshen burushi tun bai kama ba. A kansa ake shimfiɗa fentin farko, wanda sauran launuka za su hau. Mai ɗan hali zai iya tambayar masu sayar da fentin mota ko suna da na feshi da ake shimfiɗa wa bambar roba kafin launi, yana taimakawa, amma a gwada a kan soja ɗaya tukuna, a fesa a waje, daga nesa, sama-sama.

Wajen zaɓen fenti ma ana tafka ɓarna. Fosta kala ta 'yan makaranta tana da araha, amma gumin hannu kaɗai ya isa ya narkar da ita. Fentin mai na ƙofa da taga ya yi kauri, yana cike duk wani zanen aljihu da ɗamara, ga jinkirin bushewa. Jan farce kuwa, a ganina, ɓata soja ne kawai. Akirilik ake so, ko da na tub ne da ake sayar wa masu zane, don da ruwa ake tsinka shi kuma in ya bushe yana ɗan bin robar. Kada a ɗebo shi da kaurinsa a lafta. Shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. In ka ga na farko bai rufe ba, kada ka damu, haka yake.

A Kaduna yanayi ma sai an lissafa da shi. Da hunturu akirilik na bushewa a bakin burushi kafin ka kai shi jikin soja, sai mutum ya yi ta ƙara fenti yana samun gudaji. Samu murfin roba mai faɗi, shimfiɗa tishu mai lema, ɗora takardar gashin kek a kai, ka dama fentinka a nan, zai daɗe da danshinsa. Waɗanda ke shanya kuma a kife musu kwali ko roba, in ba haka ba ƙurar Disamba da Janairu za ta zauna a jikinsu har abada.

Akwai kuskuren da ba na roba ba ne, na buri ne. Mutum ya ga hotunan gwanaye a intanet, an zana ƙwayar ido da maɓallan riga, sai ya ce shi ma haka zai yi wa sojoji hamsin. Ya ɓata dare uku a kan na farko, ya gaji a na huɗu, sauran su koma leda. Sojan wasa daga nisan hannu ake kallonsa, mutum na tsaye a bakin tebur. Daga nan ido ba ya ganuwa, in ma an zana shi sai sojan ya fito kamar wanda ya firgita. Abin da ke ganuwa shi ne launin kaki, hula, fuska, bindiga da gindin da yake tsaye a kai. Jera goma ko ashirin, yi wa duka kaki, dawo kan na farko ka yi wa duka fuska da hannu, haka har ƙarshe. Sannan a dama launin ƙasa mai duhu da ruwa sosai a malale sojan da shi, ya gangara cikin lunguna ya fito da inuwa da kansa. Kuma a zaɓi launin da ya ɗan fi na gaske haske, don ƙaramin abu duhu yake yi a ido.

Da yawa a nan garin, mai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da Runduna ta Ɗaya ta sojan Najeriya, sha'awarsu ita ce su yi sojojinmu na da, musamman Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, inda 'yan Arewa suke da yawa. Sojojin roba na Ostareliya masu hular malafa da aka naɗe gefe guda suna dacewa da wannan. Abin da ke ɓata su shi ne fata: sai a ɗauko baƙin fenti zalla a shafa, fuska ta ɓace ɗungurungum. Dubi bayan hannunka a rana, babu baƙi a wurin. Launin ƙasa mai duhu za ka shimfiɗa, ka ɗiga masa ɗan ja ko ruwan goro ka taɓa goshi da hanci da kumatu. Kada kuma a ɗora wa sojan daji jar dara da jar falmaran, wannan kayan fareti ne. Mai tsayayyen hannu zai iya ɗiga rawaya a kafaɗa da ɗan baƙin tabo a tsakiya, don alamar Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawaya.

Gindi kuma, sojan roba ba shi da nauyi, iskar fanka ma kayar da shi take yi, kowace faɗuwa kuwa fenti take ci. Washa, ƙarfen nan mai huji da ake sa wa noti, daga kasuwar Panteka ta wadatar a manna a ƙarƙashinsa. Sufa gulu ba ya riƙe foliyetilin, kwana biyu ya ɓalle. A karce ƙasan robar da reza, a yi amfani da gam ɗin kyandir da ake narkarwa da bindigarsa. A shafa farin gam a saman washar, a barbaɗa yashin da aka tankaɗe ya bushe, a yi masa launin jar ƙasarmu ko na daji. Duk wanda zai motsa soja a wasa, ta washar zai kama.

Na ƙarshe shi ne barin fentin tsirara. A sake lulluɓe shi da tsinkakken farin gam ko banish na ruwa, wato shafin kariya mara launi, fentin ya zauna tsakanin shafi biyu. In na feshi za ka yi, kada ka yi a ranar da hadari ya haɗo ko bayan ruwan Agusta, danshin iska na sa ya bushe da fari-fari a jikin sojan. In hakan ta riga ta faru, kada a kankare. A bari ya bushe sarai, a shafa banish mai ƙyalli da burushi, yawanci farin na ɓacewa, sannan a bi da mara ƙyalli ranar da gari ya bushe. Wajen ajiya a shimfiɗa soso a kwali, a jera su a tsaye ba a juye su a leda ɗaya ba, kuma kada a bar kwalin a cikin mota da rana a watan Maris, bindigogin da ka sha wahalar miƙewa za su sake karkacewa.