Yadda Ake Gane Ƙwaron Ɓawo Kafin Ya Kashe Itace

Ƙwaron bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma a lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya ɓarnata sama da hekta miliyan 18 na dajin fayin, itacen nan mai ganye kamar allura, tun daga shekarun 1990. Mu a Yamai ba mu da fayin. Sai dai masu huda itace suna nan a garkunan mangwaro na bakin kogi, kuma dabarar sa musu ido kusan ɗaya ce.

Fara da lissafin ruwa. Itace mai ƙoshi yakan fitar da danƙo ya toshe ramin da ƙwaron ya huda, ya kashe shi tun a bakin ƙofa. Wanda ƙishi ya galabaitar ba shi da wannan ƙarfin. Don haka in damina ta yi gardama, sannan zafin Afrilu da Mayu ya tsananta, ka san shekarar tsaro ce. Hasashen damina da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma da ke Yamai, ke fitarwa kowace shekara zai taimaka maka.

Daga nan ka zagaya ka shafa fenti a jikin raunanan itatuwa don alama: wanda wuta ta lasa, wanda iska ta karya wa reshe, wanda masu neman magani suka sassaƙe.

Aikin gaske a gindi yake. Je da sassafe, kafin iska ta tashi, ka durƙusa. Garin itace kake nema, laushi kamar tsaki, a tsagar ɓawo ko a kan saƙar gizo-gizo da ke gindin. Ka gan shi, bi sama da ido har ka tarar da ƴan ramuka kamar an soka ƙusa. Sa wuƙa ka ɗaga ɓawo kamar faɗin tafin hannu, kar ka zarce haka. In akwai zane-zanen hanyoyi da fararen tsutsotsi, to suna cin jijiyar da ke kai wa saiwa abinci. Mutane da yawa ganye suke kallo, ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne: fayin kan yi watanni yana kore shar alhali an gama da shi, shi ya sa tauraron ɗan adam ma ya fi gane ɓarnar bayan ganyen ya yi ja.

Rubuta kwanan wata da adadin itatuwan da suka kamu, ka koma duk mako biyu. A Turai da Amurka tarko suke ratayawa mai ƙanshin da ƙwarin ke kiran juna da shi, su riƙa ƙirga kamun. Kai littafinka ya ishe ka.

Reshen da ya kamu, sare shi, ɓare ɓawon ka ƙona, kar ka jibge shi a garka da sunan itacen girki. In dukan itacen ne za a kayar, nemi izinin jami'an gandun daji tukuna.